Gaɓar Taka Ce, Alhaji, Ruwan Fa?

Ku gyara zama, masu gardama, yau da ku nake. Musamman kai Alhaji da ka fara girgiza kai tun ban buɗe baki ba, da ke Hajiya da tuni kin taɓe naki. Labarin na Amurka ne, ƙasar da kuke cewa kowa sarkin kansa ne. Mutum ya sayi gida a bakin tafki da guminsa, ya biya haraji, takardun fili suna cikin akwati. A bayan gidan akwai wata 'yar gadar katako da ta taso daga gaɓa ta kutsa cikin ruwa. Ba ta tsallakawa ko'ina. Aikinta a ɗaure mata kwalekwale ko ƙaramin jirgi mai inji, yara su riƙa dirowa daga kanta suna faɗawa ruwa, maigida ya zauna da fatsa da yamma. Ran nan sai ya ga gadar ta yi masa gajarta, yana so ya ƙara mata ƙafa goma. Katako nasa ne, ƙusa tasa ce, kafinta shi zai biya. To a wurare da yawa, kafin a buga ƙusar farko sai ya nemo takardar izini. Wani wurin ma takarda ɗaya ba ta isa.

Na ji ka, Alhaji. "Malam, rage gishiri." Ban sa ko ƙwaya ɗaya ba.

Bari in fara da abin da zai sa mai hankali ya so ƙara tsawon gada, don kada ku ce fankama ce kawai ta masu kuɗi. Ruwan tafki ba ya tsayawa wuri guda. A Janairun 2013 Tafkin Mishigan da Huron suka ja da baya har suka kai matakin da ba a taɓa ganin ƙasa da shi ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1918. Mutane suka wayi gari gadojinsu na tsaye a kan taɓo, jirage sun kwanta a gefe. Shekara bakwai bayan nan, a 2020, ruwan nan dai ya cika ya tumbatsa yana cin bayan gidaje. Wani kuma yashi ne ya taru masa a gindin gada, wani jirgi ya sake, ya sayo babba wanda cikinsa ke gogar ƙasa. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, hukuma ma ta san da su. Abin da take cewa shi ne, zo mu gani tukuna.

Wace hukuma? A nan ne za ku ce na fara tatsuniya. Ta farko sojoji ne. Ƙwarai kuwa, Hajiya, sojoji. Tun 1899 akwai dokar tarayya ta koguna da tasoshin ruwa wadda ta ce ba mai kafa komai a cikin ruwan da jirage ke bi sai da yardar sashen injiniyoyin sojan Amurka. Kada ki hango mutum da bindiga yana gadin katako. Yawancin ma'aikatan farar hula ne masu taswira da awo, kuma ba kowane tafki ne ke ƙarƙashinsu ba, sai wanda aka lasafta cikin hanyoyin jirage. Ƙananan ayyuka sau da yawa akwai izinin bai-ɗaya da ya rufe su. Amma in aikin naka ya haɗa da zuba duwatsu ko ƙasa a cikin ruwa, to ka taɓo wata dokar kuma, ta tsabtar ruwa ta 1972, kuma su ɗin ne dai za ka koma wa. Daga nan sai jiha, sai ƙaramar hukuma, wani tafkin yana da hukumarsa ta kansa, wata unguwar kuma tana da ƙungiyar masu gidaje da ta fi dukkansu tsegumi.

Yanzu ga tambayarka ta asali, wadda na san tana cin ka: "Ba filina ba ne?" Filinka ne, ranka ya daɗe, har zuwa bakin ruwa. Daga nan labari ya sha bamban. A 1869 majalisar jihar Ilinoi ta ɗauki ƙasan tafki da ke gaban birnin Shikago, wajen eka 1,000, ta miƙa wa wani kamfanin jirgin ƙasa. Bayan shekara huɗu ta dawo hayyacinta ta ce ta fasa. Kamfani ya ce ai kyauta ba ta komawa. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 1892 ta yanke cewa irin wannan ruwa da ƙasan da ke ƙarƙashinsa amana ce a hannun jiha, ta jama'a ce domin sufuri da kasuwanci da kamun kifi, kuma mai riƙon amana ba ya kyauta da ita yadda ya ga dama. Jihar Wiskonsin ma a cikin tsarin mulkinta ta rubuta cewa ruwayen da jirage ke bi hanyoyi ne na kowa da kowa har abada. Mai gida a bakin ruwa yana da haƙƙin da ni da kai ba mu da shi: ya isa ga ruwan daga filinsa, ya kafa gada gwargwadon buƙata. Gwargwadon buƙatar nan ita ce ake aunawa da ƙafa da inci.

Kuma kada ka yi mini kallon wanda ya kawo baƙon abu. Kai da ka yi zaman zaure ka ji malamai suna karantar da cewa ruwa na cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu. Bambancin kawai, su can sun sa wa maganar lamba da fam na cikewa.

Ga inda zan ɗan faranta maka rai. Ba kullum ake neman takardar ba. Minisota, jihar da ke kirari da tafki 10,000 alhali ta ƙirga 11,842 masu girman eka 10 ko fiye, ba za ta iya bin kowace gada da fayil ba, ma'aikata sai su mutu a kan tebur. Don haka ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar ta ce: in babu inda gadarka ta wuce ƙafa 8 a faɗi, tsawonta bai zarce abin da ake buƙata don kaiwa zurfin da jirgi zai tsaya ba, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta, ba ta tare wa kowa hanya, ba ka mayar da ita tashar haya ba, to je ka abinka. Wiskonsin ta fi matsewa kaɗan: faɗi ƙafa 6, tsawo har inda zurfin ruwa ya kai ƙafa 3 ko inda jirginka zai iya tsayawa, wurin ɗaure jirgi biyu a kan ƙafa 50 na farko na gaɓarka, sannan ƙarin ɗaya a kan kowace ƙafa 50. A Mishigan kuwa, gadar gida da ake kafawa da bazara a tuge ta kafin ƙanƙara ta daskarar da tafki, galibi ba ta son izinin jiha. Wadda za ta zauna dindindin ita ce ke so.

Ka ga ke nan mai ƙaramar gada yana barcinsa lafiya. Mai ƙari shi ne ke tsokano tsuliyar dodo, domin ƙarin ne ke fitar da gada daga cikin waɗannan iyakoki. Akwai ma wani tarko da ya fi wannan. A Wiskonsin, yawancin gadojin da aka kafa kafin 17 ga Afrilun 2012 an yi musu afuwa ko da sun wuce ƙa'idar yanzu. Ka gyara ta, ka sake ruɓaɓɓen katako, ba mai ce maka uffan. Amma afuwar ba ta haɗa da faɗaɗawa ba. Wato gadar da kakanka ya bari mai faɗin ƙafa 10 tana nan da mutuncinta, ranar da ka ce bari ka ɗan miƙar da ita, ranar ka gayyato mai awo da kanka.

"To ƙafa goma a cikin wannan uban ruwa, wa za ta dama?" Kai ne fa, Alhaji, ka kai maƙwabcinka wurin mai unguwa bara waccan saboda ya fito da dakalinsa taku biyu cikin lungu. Lungun bai cika ba, amma ka ce in aka bar shi na gaba ma zai fito da nasa, gobe ko makara ba za ta wuce ba. Gaskiya ka faɗa a ranar, kuma ita ce gaskiyar yau. A tafki abin ya ma fi rikici, domin iyakar fili a tudu tana da turke, a ruwa kuwa sai dai a ƙiyasta. Wani wurin ana miƙe layin iyakar filin ne kai tsaye cikin ruwa. Wani wurin ana tsayar da layin daidai da yadda gaɓar ta kwanta. A tafki mai siffar da'ira kuwa ana jan layukan kowa zuwa tsakiya. Duba abin da wannan ke nufi ga wanda gidansa ke cikin lungun ruwa, inda gaɓa ta lanƙwasa ta ciki: iya nisan da ka yi daga tudu, iya tsukewar rabonka. Gada mai ƙafa 40 tana zaune lafiya a cikin naka, ta kai 60 ta shiga gaban gidan wani, jirginsa ba ya iya juyawa. Shi ya sa hukumar Tafkin Minitonka, kusa da Miniyapolis, wadda aka kafa a 1967, ta tsayar da ƙafa 100 a matsayin iyakar tsawo ga gidaje, kuma ta ce a bar tazara daga layin maƙwabci, tazarar tana ƙaruwa yayin da gadar ke ƙara nisa.

Hajiya ta ce ai wannan tsakanin bare ne, 'yan'uwa sa daidaita a gida. Allah Ya ba ki haƙuri, Hajiya. A arewacin Wiskonsin akwai wani tafki da aka samar ta hanyar datse rafi. Da yake ƙasan da ruwa ya rufe asalinsa filin mutane ne, yana da masu shi har yau. Wata mata da mijinta suna da gida a bakin ruwan, ƙasan ruwan da ke gabansu kuma na ɗan'uwanta ne, ciki ɗaya. Shekara da shekaru gadarsu na nan. Da zumunci ya yi tsami sai ya ce a cire masa ita daga kan ƙasarsa. Magana ta kai Kotun Ƙolin jihar, a 2018 alƙalai suka rabu, masu rinjaye suka ce yana da gaskiya: za ta iya shiga ruwan, amma kafa turaku a ƙasan da ba nata ba sai da yardar mai shi. Hankalin masu gidaje a bakin irin waɗannan tafkuna ya tashi, har sai da majalisar jihar ta yi sabuwar doka a 2021 ta mayar musu da haƙƙin kafa gada. Rigimar 'yan'uwa biyu ke nan ta kai ga canza dokar jiha guda.

Mu gangara kudu, wurin hukumar kwarin Tenesi, TVA, wadda aka kafa a 1933 ta gina madatsun ruwa rututu. Sashe na 26a na dokarta ya ce duk abin da za a gina a bakin kogin da rassansa sai ta sa hannu, kuma ƙa'idojinta na gaɓar da ke hannunta su ne suka fi ba ni dariya da sha'awa a lokaci guda. Gada ba ta wuce ƙafa 150 daga gaɓa, ko kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakaninka da ɗaya gaɓar, duk wanda ya fi gajarta. Lissafin a bayyane yake: kai ka ci kashi ɗaya, na tsallake ya ci ɗaya, a bar wa jirage na tsakiya. Duk abin da ka gina, in aka haɗa, a ƙa'ida kada ya wuce murabba'in ƙafa 1,000. Ba ɗakin kwana, ba bayan gida. In ka sayi gida mai gada, kana da kwana 60 ka sanar da hukuma cewa ta koma hannunka. Sannan ga wadda za ta ɓata wa ƙanena bakanike rai: an hana ɗora gada mai yawo a kan tsofaffin ganguna. Na san dabarar da ta fara zuwa maka ke nan, a samo gangunan mai guda takwas a toshe bakinsu a shimfiɗa katako a kai. Sun riga ka tunani, sun kuma ga abin da ke biyo baya in ganga ta yi tsatsa ta huje, ta nutse da ragowar abin da ke cikinta.

Kai kuma Bakatsine da ke can baya kana cewa kifi ai ba ya karanta takarda, ka yi shiru, wannan zancen ruwa ne, ka bari ubangidanka Banufe ya yi maka fashin baƙi. Bakin gaɓa, inda ruwa bai yi zurfi ba kuma rana ke kaiwa ƙasa, nan ciyawar ruwa ke tsirowa, nan kifi ke zuba ƙwai, nan ƙanana ke ɓuya. Gada tana yin inuwa, inuwa tana kashe ciyawa. Gada ɗaya ba komai ba ce, amma ka jera ɗari biyar a gaɓa guda ka ga abin da ya rage. A Tafkin Washinton da ke gefen birnin Siyatil, ƙananan kifin samon nau'in Cinuk suna bin gefen gaɓa a kan hanyarsu ta zuwa teku, kuma tun 1999 suna cikin jerin halittun da gwamnati ta ce suna fuskantar barazana. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu suna son laɓewa a duhun ƙarƙashin gada. Don haka a can, mai son sabuwar gada ko ƙari ana neman ya shimfiɗa mata bene mai huji-huji yadda haske zai ratsa, ya kuma tsuke ta a kusa da gaɓa. Har lokacin aikin ma ana ƙayyade masa, kada ya zo yana buga turaku a watannin da kifin ke wucewa.

Yanzu bari in ba ku naku, don kada ku ce na zama kakakin hukuma. Abin yana wuce gona da iri wani lokaci. Mutum ya kai zane ofis huɗu, kowanne da kuɗin fam ɗinsa da nasa watannin jira, wannan ya ce sai wancan ya sa hannu, wancan ya ce sai wannan ya fara. Har sana'a ta fito daga ciki, ta masu bi wa mutane takardun gada. A Tafkin Taho, wanda Kalifoniya da Nebada suka yi tarayya a kansa, an shafe shekaru masu yawa kusan ba a ba da izinin sabuwar gada. Da aka amince da sabon tsari a 2018 sai aka ce gadoji masu zaman kansu 128 kacal za a ƙara, a hankali, kuma ana haɗawa da jefa ƙuri'a wajen zaɓen wanda zai samu damar nema. Attajiri da kuɗinsa yana zaune yana jiran sa'a. Wa ya ci ribar wannan? Wanda ya gaji tsohuwar gada, domin gidansa ya ƙara daraja ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Wannan kam ban ce adalci ne tsantsa ba. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin jiran watanni da tafkin da kowa ya shimfiɗa katako iya son ransa, zan ɗauki jira.

Na ga kana murmushi, Alhaji, na kuma san abin da ke ranka. A kira kafinta ranar Asabar da asuba, kafin Litinin an gama, in ma'aikaci ya zo a ba shi na goro. Ka manta mutum ɗaya: maƙwabcin nan da ka tare wa gaban gida, wanda ke zaune a barandarsa da kofin shayi da waya a hannu. Ba ya buƙatar albashi don ya yi wannan aikin. Ga kuma hotunan sama da ke nuna yadda gadar take bara da yadda take bana. Hukuma na iya cin ka tara, tana iya cewa ka tuge abin da ka ƙara da kuɗinka. In ma ka tsallake duk wannan, ranar sayar da gida tana nan tafe, ranar da mai saye zai ce a nuna masa takardar gada.

Akwai kuma wurin da wasa ke ƙarewa. Tafkin Ozak na jihar Mizuri madatsar wutar lantarki ce ta samar da shi a 1931, shi ya sa izinin gada a can kamfanin wuta, Ameren, ke bayarwa. Gadojin zamani suna da fitilu da injin ɗaga jirgi, duk da waya a kan ruwa. In aikin wayar ya lalace, wuta tana zubowa cikin ruwan ba tare da wata alama ba, mai iyo ya sandare ya nutse. A Yulin 2012 yara biyu 'yan gida ɗaya suka rasu ta wannan hanya a tafkin. Duk wanda ya ƙara wa gada tsawo ya ƙara wa waya tsawo, kuma mai zuwa duba aikin nan ba don ya ɓata wa kowa rai yake zuwa ba.

Abin da ake nema a hannun mai nema ba wani sihiri ba ne: shaidar mallakar fili, taswirar wurin, zanen gadar yadda take da yadda za ta koma da awonta, zurfin ruwa a ƙarshenta, nisanta da iyakar maƙwabta, da kuɗin fam. In aikin babba ne a sanar da jama'a, mai ƙorafi ya kawo.

Saura dariyar ƙarshe, kuma ba taku ba ce. Tun ɗazu kuna cewa Bature ya rasa aikin yi. To Nijeriya ma tana da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta na Lakwaja. Dokarta ta ba ta ikon amincewa da duk wata gadar jirgi ko matsayar jirage a kan hanyoyin ruwan tarayya, har da iko a kan mita 100 daga bakin ruwa zuwa tudu. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya ikon kula da hanyoyin ruwan a shari'ar da aka daɗe ana yi da jihar Legas. Mita 100 dokar ta rubuta, Alhaji, a kan tudu, ba a cikin ruwa ba. Ba'amurken da kake yi wa dariya aƙalla an bar masa gaɓarsa. In kana da fili a bakin Kwara ko Binuwai kuma kana shirin kiran kafinta, ka fara zuwa ka tambaya.